Kanwa a Kaskon 'Yan Tsaki

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Ranka ya daɗe Hakimi, shugaban wannan zama, Allah ya ja zamaninka. Allah ya gafarta Malam Liman. Ranka ya daɗe Dagacin Dangora. Sarkin Noma Inuwa, Ardo da dattawan rugage, masu unguwanni, baƙinmu da suka tako daga Bebeji da Bagauda da Tudun Wada, iyayenmu mata da ke zaune bayan danga suna saurare, da sauran jama'ar Dangora manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ina godiya ga Hakimi da ya ba ni izinin magana kafin ya yanke hukunci, ina kuma godiya gare ku da kuka bar kasuwa tana ci kuka taru a ƙofar fadar nan, ko da yake na ga fuskoki da yawa da ba don su saurare ni suka zo ba. Ga wanda bai san ni ba, ni ne Ɗantani, malamin gona na wannan gunduma. A garin nan aka yanke mini cibiya, a garin nan aka yi mini kaciya, kuma wasu daga cikin masu hararata yanzu su ne suka goya ni. Albashin hukumar En'e bai mai da ni baƙo ba, saboda haka yau zan yi magana irin ta ɗan gida, ba kwana-kwana.

Ranka ya daɗe, ga abin da ya tara mu. A farkon bazarar nan ofishin gona ya aiko da mota cike da 'yan tsakin kajin turawa, irin waɗanda ake kiwo don nama, aka raba wa gidajen da suka nema, kowane gida da ƙunshin garin ƙari da za a riƙa haɗa musu da dusa. Ba a jima ba 'yan tsaki suka soma mutuwa gida-gida. Na Hamman kaɗai, Bafillacen da ke zaune da garkensa a bakin fadama, su ne suka rayu suka yi ɓul-ɓul. Sai magana ta tashi. Wasu suka ce sammu ya yi wa na mutane, wasu suka ce ni na ɓoye masa gari na ainihi na raba wa sauran jama'a toka. Sarkin Noma ya ja mutane har ruga, aka ce masa ya tattara nasa ya nasa ya bar ƙasar Dangora kafin ruwan fari ya sauka. Yau kuma an zo neman Hakimi ya tabbatar da korar. To, kafin a kori mutumin da ya tsufa a cikinmu, ina roƙon a ji abu huɗu daga bakina.

Na farko, garin nan da ake ta zargi. Ba asiri ba ne, ba kuwa toka ba ce. Garin ƙashi ne, da busasshen jini, da garin kifi, da tunkuzar gyaɗa, da ɗan magani mai kare hanji, da gishiri kaɗan wanda aka riga aka auna. Ku riƙe wannan na ƙarshe, don za mu komo kansa. Kazar gida tana fita ta yi tono, ta ci fara, ta ci gara, ta tsinci ɗan dutse, ta haɗa wa kanta abin da jikinta ke so. Kazar turawa kuwa a akurki take, abin da ka zuba mata shi ne duniyarta, kuma an yi ta ne ta yi girma da gaggawa. Garin ƙashi shi ke ƙarfafa ƙafa ta ɗauki nauyin jiki, jini da kifi da tunkuza su ke sa tsoka, maganin kuma ya hana zawo ya cinye abin da ta ci. Cikin gwangwanin taba guda a kan kwanon dusa, haka na nuna a kowane gida, kuma daga buhu guda na ɗebi na kowa, a gaban Dagaci, har da na Hamman. Ranka ya daɗe Dagaci, in ƙarya nake yi, ga ka zaune.

Na ji wani daga can baya yana cewa fakat ce, annobar kaji. Da fakat ce, malam, da kajin gidanka ne za su riga faɗuwa, ga su nan kuwa suna tono a gindin rumbunka lafiya lau. Wace irin annoba ce mai zaɓen baƙi ta ƙyale 'yan gari?

Na biyu, abin da na ji daga bakin Iya Safara'u. Kowa ya san ta, matar marigayi mai unguwar Gabas, wadda ba ta taɓa kiwon abu ya lalace a hannunta ba. Da na shiga gidanta na tarar da ita zaune gaban akurki ta yi tagumi. 'Yan tsakin da suka rage sun kewaye kaskon ruwa, suna sha kamar ba za su daina ba, cikinsu ya kumbura, ƙasan akurkin ya jiƙe sharkaf da zawo, wasu ƙafafunsu sun saki. Ta dube ni, idonta ya kawo ruwa, ta ce, "Ɗan nan, ni kuwa me ban yi musu ba? Ko ragon layyar marigayi bai ga gatan da suka gani ba. Garinka ban taɓa fashi ba, kanwa kuwa kullum sai na jiƙa musu, har kanwa ungurnu na daka na barbaɗa a dusa don su ji daɗin ci."

Jama'a, sai na ce, "Iya, kanwa?" Ta ce, "To da me ake ƙiba dabba in ba kanwa ba?"

Daga gidanta na bi gidaje ina tambaya, ban ce wa kowa komai ba, kaskon ruwa kawai nake dangwala ina lasa. Duk gidan da aka yi asara, kanwa na ɗanɗana. Ba kuwa abin mamaki ba ne. Mu mutanen Dangora, in muka tashi ƙiba rago, mukan ɗaure shi a inuwa, mu ba shi harawa da dusa da kowar wake, mu jiƙa masa kanwa ya sha, ya buɗe ciki ya yi kitse. Haka muka gada, haka kuma daidai ne ga rago. Da aka ce mana ga kaza ta kiwon nama, sai muka yi mata kiwon ragon layya. Amma rago babban ciki gare shi, ɗan tsako kuwa duk jikinsa bai cika tafin hannu ba, ga gishirin da aka riga aka auna masa a cikin gari, aka zo aka ɗora masa kanwa a ruwa, aka ɗora masa a dusa. Ƙishirwa ta kama shi, ya koma kasko, a kaskon ma kanwar ce ke jiransa.

Sarkin Noma, don Allah ka zauna. Na girmama furfurarka, amma Hakimi ni ya ba fili, kuma ban gama ba.

Na uku, ba na so ku yarda da bakina, ku yarda da idonku. Ga kwanduna uku a gaban Hakimi. Duk 'yan tsakin da ke ciki daga mota guda suka sauka tare da naku, a gidana na ajiye su. Na kwandon farko dusa zalla suke ci. Ku dube su, suna raye, amma gashi ya fi nama yawa, ƙirjinsu kamar wuƙa. Na kwando na biyu dusa da gari, gwangwani guda, da ruwan rijiya tsabtatacce. A miƙa wa Malam Liman ɗaya ya ɗaga ya ji nauyinta, ya faɗa muku ko ba ta kusa ninka 'yar'uwarta ba. Na kwando na uku kuwa da can tare suke da na biyu, girmansu ɗaya, sai da na fito daga gidan Iya Safara'u na ware su na soma jiƙa musu kanwa yadda ta kwatanta mini. Ban ji daɗin yin haka ba, Allah ya sani, amma ban ga wata hanyar da zan rufe bakin masu cewa sammu ba. Biyu sun mutu, na janye kanwar, ga sauran nan ko tsayuwa ba sa iya yi sosai. Hamman bai taɓa taka gidana ba, bai ma san da su ba. Wa ya yi musu sammun?

Na huɗu, shi Hamman ɗin. Na je rugarsa na tambaye shi ko yana ba 'yan tsakinsa kanwa. Ya yi mini kallon wanda ya zautu, ya ce, "Malam, kanwar da nake jiran fatake su kawo mini don nagge, ita zan zuba wa kaza? Wallahi ko ɗan maraƙi sai ya kai ya kawo kafin ya lasa." Jama'a, asirin ke nan gaba ɗaya. Ba laya, ba tsubbu, ba garin ɓoye. Bafillace ne da bai ɗauki kaza a bakin komai ba, ya yi mata rowar kanwa, rowar ta cece ta. Ku kuwa kun so naku, kun ba su abin da kuka fi ɗauka da daraja, ƙaunar ta kashe su. Ba na yi wa kowa dariya, don na ga hawayen Iya Safara'u, kuma na san akwai gidajen da suka sa rai da kajin nan za a yi hidimar sallah. Asara tana da zafi. Amma zafin asara bai halatta mana mu ɗora wa bawan Allah abin da bai ji ba bai gani ba.

Ku tuna wane ne Hamman. Shanunsa ne ke kwana a gonakinku da rani suna zuba taki. Dawar da Sarkin Noma ke alfahari da ita a gonarsa ta bakin rafi, kashin garken wa ta sha? Da shi muke sahu ɗaya ranar Juma'a, mahaifinsa a maƙabartarmu yake kwance. Yanzu an hana matarsa ɗiban ruwa a rijiyar gari, an hana a taɓa nononta a kasuwa, yara suna binsa da waƙar maye. Wallahi abin ya ƙona mini rai, kuma ina jin kunya, kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun da na soma aikin nan.

Saboda haka, ranka ya daɗe, ina neman izini in yi tambaya ɗaya. Duk wanda 'yan tsakinsa suka mutu, kuma zai iya rantsuwa gaban Malam Liman cewa kanwa ko gishiri bai taɓa shiga kaskonsu ba, ya miƙe tsaye. In mutum ɗaya ya miƙe, na janye maganata, a kore ni tare da Hamman. Ga fili. Kada a ji nauyina, a miƙe.

Ina masu ihun ɗazu? Sarkin Noma, ɗazu da ƙyar na samu ka zauna, yanzu kuma na ga ka manne da tabarma.

Ranka ya daɗe, ka gani da idonka, babu wanda ya motsa.

To, saura abin da ban faɗa ba, kuma shi ne ya sa nake ta sauri. Kuna ta waige-waige kuna neman Hamman a cikin taro. Ba ya nan. Da hantsi na biyo ta bakin fadama, na tarar ya kwance bukkokinsa, ya ɗaure wa takarkarai kaya, shanu sun fuskanci kudu, hanyar Doguwa. Na roƙe shi ya dakata ya ji hukuncin Hakimi. Ya ce, "Malam, ba Hakimi ne ya ce in tashi ba, maƙwabtana ne." Kajin nasa ma, da ake ta hassada a kansu, ya bar su cikin akurki da ruwa da dusa, ya ce duk mai so ya ɗauka. Garke mai maruƙa ba ya sauri, na tabbata ba su wuce mashaya ba tukuna. Ina da keke, zan iya cim masa, amma ba zai juyo don ni ba, don ba ni na kore shi ba. Bakin da ya ce masa tafi, shi ne zai ce masa dawo. Baba Inuwa, na ajiye sarautarka gefe na kira ka da sunan da na saba tun ina yaro: in Hakimi ya sallame mu, ina jiranka a ƙofar kudu, zan goya ka a bayan keken. In ka ƙi, ba mai tilasta maka, amma hadari na haɗuwa a gabas, kuma in ruwan fari ya same shi a wata ƙasa, a can zai kafa bukka.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya yi masa jagora a hukuncinsa. Allah ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafificin alheri, ya sanyaya zuciyar Iya Safara'u da ta duk wanda ya yi kuka. Allah ya tsare harsunanmu daga ƙazafi, ya ba mu ƙarfin zuciyar gyara abin da muka ɓata tun rana ba ta faɗi ba. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya mai da baƙinmu gidajensu lafiya, ya kuma komo mana da maƙwabcinmu.

Na gode.