Sigarin da Aka Ɓoye wa Tsvetana

A ɗakin jiran asibitinmu na garin Pernik, wani tsohon mahaƙin kwal ya ja wata mata da ke gefensa da hira.

"Gobe za a yi mini aiki. Likitar sa barci ta ce huhuna ya zama tsumma. Bututu za ta zura mini a maƙogwaro, ta riƙa ba ni iska kaɗan-kaɗan."

"Ka dai gaya mata kana shan sigari? Ga alamarsa nan a yatsunka."

"A gaban matata? Shekara tara Tsvetana tana zaton na daina."

"Baba, da maganarka fa za a auna iskar nan."

"Gara huhun ya fashe da Tsvetana ta ji."

"To wa ke wanke maka riguna?"

Ya shinshina hannun rigarsa, ya ji warin sigari. Sai ya miƙe ya ƙwanƙwasa ƙofar likitar.