Kulocin Tsere da Kiret ɗin Ƙwai

Tunkiyar Inna aka sayar aka yi mini kuɗin mota zuwa Abuja, ta ce in dawo da tawa motar. Lokacin farar hula ba su daɗe da karɓar mulki ba, kowa na cewa a can ko tsintsiya ka riƙe sai ka gina bene. Ni difloma ta aikin inji na riƙe, don haka na ƙare a shagon kayan babur na Alhaji Sabo a Lugbe, ina kwana tsakanin tayoyi. Ku daina dariya, taya ta fi wata katifar.

Alhaji mutumin kirki ne, in dai ba a zo maganar kaya ba. Injiniya yake kirana gaban baƙi, Mamman idan sun tafi.

Wata rana ya shigo da sabon kuloci na ƙananan babura, irin marasa giyan nan, murɗa ka tafi. Kwali ja, da hoton wuta. Ya ce sunansa "fafomas", wai na ƙara gudu. Har ya samu masu saye: ƙungiyar masu ɗauko ƙwai daga gonakin kaji na wajen Sheda. Sai dai shugabansu, Malam Iro, ya ce ba su karɓa sai mai takarda ya gwada ya sa hannu. Mai takardar ni ne.

Na ɗaura shi a babur. Alhaji ya murɗa, injin ya yi kururuwa har mai shayin gefenmu ya leƙo.

"Ka ji ko, Injiniya? Ƙarfi ke nan."

"Ƙara na ji, Alhaji. Ƙarfin sai an hau."

Abin ba shi da wuyar ganewa. Sifirin ɗin da ke cikinsa tauri gare su, kulocin ba ya kamawa sai inji ya hau sama, sannan ya fizga lokaci guda. Ga mai tsere, madalla. Ga mai kiret goma a baya, yana tsaya-tafi a cunkoson titin filin jirgi, wata magana ce.

Ranar gwaji Alhaji ya ce in zagaya haka nan, ba kaya. Na ce masu ƙwan babu kaya suke yawo? A gaban Malam Iro na ɗaura kiret ɗaya. Da tsohon kuloci na je bakin gadar Lugbe na dawo, ko tsaga babu. Da sabon, mai shayi ya samu fasasshen ƙwai kyauta, har ya yi wa Alhaji addu'a.

Alhaji ya ja ni bayan kantar shago.

"Rubuta cewa yana da sauri. Ƙarya ne?"

"Gaskiya ne. Zan rubuta, in ƙara cewa ba na mai ƙwai ba ne."

"Mamman, wa ke ciyar da kai?"

"Kai ne, Alhaji. Amma sunan babana ne zai zauna a ƙasan takardar."

Kafin la'asar jakata tana bakin titi. Ya wurgo mini kulocin da na gwada, ya ce tunda na fi kowa saninsa, in je mu zauna tare.

Da na koma gida Inna ta tambayi mota, na nuna mata abin da ya samu. Ga shi can, shi ke tare mana ƙofar zaure kada iska ta rufe. Tun da na ba shi wannan aiki bai fasa wa kowa komai ba. A kan wannan kam, ku kawo takarda in sa hannu.