Harajin Zuma

Wani mai sayar da zuma ta intanet ya ajiye kwali ɗaya a wurin aika kaya na tashar motar Nakuru. Wata mata ta jibge nata tuli guda a gefensa. Ina zaune ina jin su.

"Baba, yau kwali ɗaya tak?" in ji ta.

"Shi ma da ƙyar. Mutum zai zaɓi zuma, ya zo biya ya ga haraji ya hau kan kuɗin, sai ya gudu."

"To wa ya aike ka sa shi?"

"Wani otal ne ya ce ba ya saye sai da rasidin haraji. Na je na yi rajista, na sa aka gyara shagon ya riƙa ƙara harajin da kansa. Otal ɗin bai sayi ko kwalba ba."

Ta yi dariya. "Ni Zumar Jepkorir ba ta san wannan wahala ba. Abin da ka gani shi za ka biya."

"Au, ke ce? Ke kika kwashe mini mutane?"

"Su suka kawo kansu. Ka ga, Baba, tawa ma ta ƙare, ruwan rake nake ɗan ƙarawa. Ka ba ni taka a sari, ba rasidi, kowa ya huta."

Ya jawo kwalinsa kusa da ƙafarsa.

"Ba zan sayar miki ba. Ko cokali ɗaya."