Mai Jifar Ƙarshe

A tashar Ƙaura Namoda, muna zaune cikin motar Shinkafi muna jiran ta cika, wani dattijo ya dubi dogon saurayin da ke gefensa.

"Samari, da wannan tsawo naka ai ka san Auwalu namu na ƙwallon kwando, wanda kulob ɗin Legas sunka ɗauka."

"Na san shi, Baba."

"Yaron nan, in wasa ya zo ƙarshe, a ba shi ƙwallo kawai a tafi gida."

"Haka ake faɗi. Amma bara sau goma sha ɗaya ya yi jifar ƙarshe, uku kaɗai sunka shiga."

"Ni dai na ga wadda ya jefa wa 'yan Gusau. Har hulata ta ɓata wajen murna."

"Ita kowa ke tunawa. Takwas ɗin da ya zubar fa? Akwai wanda ya fi shi saiti a ƙungiyar, kowane wasa ya fi shi ci, amma ko Funtuwa ba a kira ni ba."

Dattijon ya yi dariya.

"Au, ashe kai ne. To kai sau nawa ka yi jifar ƙarshen?"

"Ni ke miƙa mashi ƙwallon."

"Kocinku ya ce ka miƙa?"

"A'a. Baba, in ka jefa ta ƙi shiga, da sunanka duk garin za a kwana."

"To ka gani. Shi ya yarda anka kwana da nashi har sau takwas. Janye mini ƙafafun nan naka, mota ta cika."