Hannun da Ya Rubuta Ƙarar Shagon Dominic

Mai girma shugaban wannan taro, Malam Mordecai, mai unguwa, ranka ya daɗe, malam fasto da malam liman da suka zauna mana a benci ɗaya, dattawan Ƙungiyar Mazauna Layin Rijiya ta nan Palladan, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, da ɗaliban jami'a da nake gani sun yi cirko-cirko a bakin taga, ku shigo ku zauna, yau ba bulala a hannuna. Salama gare ku duka.

Ina godiya ga Allah da ya tsayar da ni a kan ƙafafuna biyu a gabanku. Ina godiya gare ku da kuka yi ta zirga-zirga gidana da kunu da addu'a. Ina godiya ta musamman ga uwargidana Tabitha, wadda ta yi fiye da shekara guda tana ɗaura mini maɓallin riga ba ta taɓa cewa ta gaji ba. Idan kun ji harshena yana ɗan jan ƙafa, ku yi haƙuri da shi, shi ma jinya ya tashi.

Ga waɗanda suka tare layin nan kwanan nan, sunana Yunana. Na yi shekara talatin da biyar ina koyarwa, goma sha biyu a ciki ina hedimasta. Takardar da ke gaban sakatare ni na rubuta ta, a watan Maris na shekarar 2004, da wannan hannu na dama. Ƙara ce a kan Dominic, mai shagon gem da ke cikin ginin ƙungiya, inda na nemi a karɓe shagon a rufe. Dokarmu ta ce ba a sauraron ƙara sai mai ita yana zaune, ba a kuma janye ta sai shi da kansa ya sa hannu. Ciwo ya kwantar da ni, takarda ta kwanta tare da ni. Yau na zo, don haka yau za a san ko Dominic zai buɗe shagonsa gobe ko ba zai buɗe ba. Ina da magana uku kafin nan.

Magana ta farko, abin da ya sa na rubuta. Akwai wani wasa da ake bugawa a talabijin ɗin shagon, na wani mutum-mutumin ƙarfe mai fitila a ƙirji. Rubutun cikin faifan duk na Japan ne, ba mai iya karanta ko harafi ɗaya, sai samarin suka raɗa masa Ɗan Ƙarfe. Yana zaune a wani birni na shekaru dubu masu zuwa, inda jiragen ƙasa ke tafiya a sararin sama, shi kuwa aikinsa gudu da tsalle daga wannan rufi zuwa wancan, yana faɗa da injinan da suka ƙwace garin. Kashi na farko ya zo ya wuce ba mu sha wahala ba. Da Dominic ya sauko daga kasuwar Sabon Gari da kashi na biyu, sai layin nan ya zama kamar tashar mota. Na ga yara sanye da kayan makaranta a bakin shagon da ƙarfe goma na safe. Na ga 'yan kwayar coci sun bar gwajin waƙa. Raina ya ɓaci, kuma har yau ina cewa ɓacin ran yana da dalili.

Abin da ba shi da dalili shi ne abin da na yi a gaban jama'a. Dominic ɗalibina ne, ni na koya masa riƙe fensir a aji ɗaya. Na tsaya a bakin shagonsa na ce, "Da na san wannan za ka zama, da ban ɓata allina a kanka ba." Ya durƙusa ya ce, "Allah ya huci zuciyarka, Baba." Kwana goma sha ɗaya bayan nan, ina ɗaura igiyar takalmi zan tafi sujada, ɓarin jikina na dama ya shanye.

Magana ta biyu, yadda aka yi na shiga shagon da na nemi a rufe. Na san wasunku sun sha ganina ina shiga, har aka ce wai shaida nake tarawa. To ga shaidar.

Ƙafa ta dawo a hankali, baki ya dawo rabi, hannu kuwa ya ƙi. Sista Clementina, mai yi mini gashi a asibiti, ta ba ni ƙwallon roba ta ce in riƙa matsawa sau ɗari biyu kullum. Na matsa kwana uku, na huɗu na jefa ta bayan kabad. Mutumin da ya saba tsayawa gaban yara ɗari bakwai, ga shi a kujera yana kokawa da ƙwallo. Na daina fita, na daina karɓar baƙi, na juya kujerata ta fuskanci bango. Ina faɗa muku gaskiya, a lokacin na fi son mutuwa da wannan zama.

Wata Talata Tabitha ta shigo ta ce, "Baban Diana, tashi ka raka ni cefane." Na ce ba inda za ni. Ta ce, "Ai kuwa za ka." Duk wanda ya san Tabitha ya san yadda maganar ta ƙare. Ba kasuwa ta kai ni ba, bakin shagon Dominic ta ajiye ni, ta ce tana zuwa, ta yi tafiyarta. Ashe sun ƙulla da shi da Sista Clementina. Dominic ya goge mini benci da rigarsa, ya ɗora mini abin latsawar nan da suke kira fad a kan cinya, ya ce, "Baba, kai ka tuƙa Ɗan Ƙarfe da hagu, ni zan yi maka tsalle." Ya ɗauki babban yatsana na dama, wanda ba ya jin komai, ya aza a kan madanni, ya aza nasa a kai. In na ce "Tsalle!" sai ya danna. Na ce masa wannan shirme ne. Washegari na dawo don in ƙara faɗa masa.

Shagon yana da doka guda, kuma a matsayina na malami ban taɓa ganin dokar da ake bi kamarta ba: wanda ya faɗa rami ya miƙa wa na kusa da shi. Ba babba ba yaro, ba ɗan jami'a ba ɗan acaɓa. Dominic ya ce za a ɗauke mini wannan doka. Na ce a'a, ban taɓa ɗauke wa ɗan kowa doka ba, ba za a fara a kaina ba. Don haka na riƙa faɗawa rami ina miƙawa, ina jiran layi ya zagayo, tsakanin samari biyar ko shida masu warin gumi da gardamar ƙwallo. A wannan benci na sake yin dariya karon farko, ranar da wani ya tambaye ni ko a zamaninmu da fitilar ƙwai ake buga gem.

A wata na huɗu, ana cikin wasa na ce "Tsalle!" Ɗan Ƙarfe ya yi tsalle. Na sake cewa, ya sake yi. Na duba ƙasa, sai ga hannayen Dominic duka biyu a naɗe a ƙirjinsa, hawaye na bin fuskarsa. Ya ce, "Baba, tun rami uku da suka wuce na ɗauke yatsana." Na tashi na fita bayan shago, domin hedimasta ba ya kuka a gaban yara.

Sai dai kashi na biyun nan yana da mugunta da na farko ba shi da ita. A na farko, in ji su, tsalle ɗaya ya isa kowane rami. A na biyu an ƙara wa Ɗan Ƙarfe wata dabara, ya yi tsalle, yana cikin iska ya sake yin wani, wato a danna sau biyu da sauri, kafin ƙiftawar ido. Akwai wata karyayyiyar gada a mataki na shida da samarin suke kira Gadar Kubanni, ba a haye ta sai da wannan. Yatsana yana danna na farko, kafin ya ɗago ya danna na biyu, Ɗan Ƙarfe ya riga ya tafi ƙasa. Wata biyar na yi a bakin gadar nan.

Cikin watannin nan na lura da wani abu. Layi ya riƙa zagayowa kaina da sauri fiye da da. Akwai wani ɗalibin injiniya daga Samaru, Lanre, ga shi can jikin taga yana ɓoye fuska. Duk Samaru da Muchia ba wanda ya kai shi a wannan wasa, na taɓa ganin ya haye gadar nan yana cin gyaɗa. Amma in ina shagon, da ya karɓa, taku biyu sai rami. Na kusa da shi ma rami. Na gaba ma rami. Shekara talatin da biyar ina kama masu satar amsa, ba a nan za a rufe mini ido ba. Na ce, "Lanre, zo nan. Me ya sami hannunka?" Ya ce, "Sori Baba, yau hannu na ba ya aiki." Na ce, "Jiya fa?" Ya sosa kai ya ce, "Baba, kai ka ce ba a taɓa doka. Mu ba mu taɓa doka ba. Faɗuwa kawai muna yi."

Jama'a, ku ji wannan da kyau. Samarin da na kira marasa tarbiyya a rubuce, samarin da suke baro Samaru a ƙafa cikin rana don su sami 'yan mintoci a kan wannan wasa, su ne suka yi wata da watanni suna jefa kansu rami da gangan, don wani tsoho mai taurin kai ya sami ƙarin gwaji ba tare da an taɓa masa girmansa ba. Na koyar da ladabi a allo shekara da shekaru. Ban taɓa ganin an yi shi da kyau haka ba.

Na haye Gadar Kubanni ranar Alhamis, sha tara ga watan Mayun bara. Ihun da aka yi ya sa mai shayin bakin titi ya rugo da bokitin ruwa, ya zaci gobara ce. A daren Lahadin da ta biyo baya na ɗaura maɓallin rigata da kaina, Tabitha tana tsaye tana kallo, ta ce na karkace ɗaya.

Magana ta uku gajeriya ce. Ban zo in ce kukan iyaye ƙarya ne ba. Yaro da kayan makaranta ba shi da abin yi a shagon gem, kuma Dominic ya manna wannan a ƙofarsa tun kafin in roƙe shi. Duk ranar da aka karya, ku zo ku faɗa mini, ai kun san inda nake zama daga ƙarfe huɗu. Amma a rufe shagon saboda takardata, wannan ba zan iya ɗauka in je gaban Mahaliccina da shi ba.

Dominic, tashi tsaye, ɗana. A gaban jama'a na ci mutuncinka, don haka a gaban jama'a zan gyara. Na ce na ɓata allina a kanka. Ƙarya na yi. Ni na riƙe yatsanka na koya maka rubutu wata uku, kai ka riƙe nawa wata huɗu, kuma ni da bulala na koyar, kai ko tsaki ba ka taɓa yi mini ba. Ka yafe mini.

Sakatare ya zo gidana makon jiya, cikin kirki ya ce idan hannu bai yarda ba, in dangwala yatsa kawai, za a karɓa. Na gode masa, na ce ya ajiye tawadarsa. Da rubutu na yi ɓarnar, da rubutu zan kwance ta. Tun ranar da na faɗi ban sa hannu a kan wata takarda ba, wannan ce ta farko, kuma ban sani ba ko za ta fito yadda kuka san ta. Mai girma shugaba, ina roƙon izini a matso mini da teburin. Dominic, miƙo alƙalami. A'a, koma baya, kada ka riƙe mini.

Ku yi haƙuri, zai ɗan ɗauki lokaci.

To, ga shi. Sakatare, ɗaga a gani. Harafin farko ya karkace, na ƙarshe ya gangara ƙasa, da ɗalibina ne ya kawo mini wannan da na ce ya sake. Amma sunana ne, kuma ni na rubuta shi. Na janye ƙarata.

Allah ya albarkaci wannan layi da duk wanda ke kwana a cikinsa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jinyarsu haƙuri irin na Tabitha. Allah ya shirya mana 'ya'yanmu, ya kuma ba mu iyaye idon ganin alherinsu tun muna da rai. Ɗalibai, Allah ya ba ku sa'ar jarrabawa, ya mai da ku gidajenku lafiya. Dominic, Allah ya sa albarka a shagonka, ka buɗe gobe da wuri. Saura mini mataki biyu in gama wasan, kuma Lanre, daga yau in ka sake faɗawa rami da gangan, ni da kai ne.

Na gode.