Awa Bakwai Zuwa Montreal

A ɗakin jiran jirgin Montreal, a filin jirgin saman Casablanca, wata tsohuwa rungume da kwalin dabino ta taɓo wani mai kwat da ke gefenta.

"Ɗana, kwana nawa za mu yi a bisa tekun nan?"

"Kwana kuma, Lalla?" in ji shi, yana kiranta yadda ake girmama mata a ƙasar. "Awa bakwai ne da 'yan kai. Kafin ki gama gyangyaɗi mun sauka."

"Kar ka yi mini wasan jika. Daga Zagora zuwa nan ma sai da na wuni a mota."

"Wallahi. Ya kusa kilomita dubu shida, amma jirgi ba ya tsayawa shan shayi."

Ta ƙirga awannin da yatsu.

"Shekara da shekaru ɗana Mubarak yana ce mini nisa ne ya hana shi zuwa. Ashe nisan bai kai wuni ba."

"Aiki ne, Lalla. Can hutu wuya gare shi, ga makarantar yara, ga..."

"Ka san shi ne?"

"A'a."

"To ya aka yi ka haddace karatunsa? Kai ina taka uwar?"

"Tana nan ƙasar, a garin Wujda."

"Ka je ka gan ta?"

"Taro ne ya kawo ni daga Montreal, ban samu..."

"Miƙo kunnenka."

"Lalla?"

"Miƙo in ja mata. Na Mubarak sai mun sauka."

Ya sunkuyo yana dariya, ta ja sosai.

"Yanzu kira ta. In ta fara faɗa ka ba ni ita, mu yi maka tare."