Tudun da Inna Ta Daina Hawa

Salamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara basira. Ni ne Sale direba, daga unguwar Zahir a Makka. 'Yata Maryam, haihuwar nan, an koya musu a makaranta kalmar Turanci "boondocks", wato ƙauyen ƙayau. Da malama ta nemi misali, sai ta kawo garinmu, aji ya kwashe da dariya. Da ta ba ni labari, na buɗe baki zan yi mata faɗa, sai hawaye suka zubo mini. Ai gaskiyarta ce: can sai Inna ta hau tudun bayan rijiya ranar Juma'a kafin ta samu sabis ta kira ni. Yanzu gwiwa ta hana ta hawa, tun azumi ban ji muryarta ba. Amma rediyonta kullum yana gefen tabarma. Inna, Salenki ne. Ina lafiya, kewarki ce kawai.